Bikin Yayarku Daga Ɗakin Gwaggo

Na jinkirta rubuta wannan babin har sai da Gwaggonku ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya haskaka kabarinta, domin da na faɗa tana raye da ta jefe ni da kofin shayi. Wadda ta tunzura ni kuwa Auta ce. Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida, kowa da farantinsa, aka ɗauko hirar biki, sai na ji tana gaya wa matar Sani wai bikin Yaya ai waya ce ta yi shi, Umma tana zaune tana kallo kamar baƙuwa. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. Amma maganar ta tsaya mini a rai, na yi ta juya ta har na kasa cin naman da ke gabana. Ba laifinku ba ne, abin da kuka gani kuka faɗa. Saura abin da ba ku gani ba, shi zan ba ku yanzu.

Kun tashi kun tarar duk gidan da za a yi biki a unguwarmu ta Ƙofar Wambai, sai an aiko a kira Hajiya Kulu. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin sana'a ba, hali ne kawai, ba na iya ganin abu yana lalacewa in kau da kai. Na san mai alkakin da nata ba ya tsami, na san mai lallen da za ta ce tana hanya alhali ko wanka ba ta yi ba, na san mai rumfar da in ba a tsaya a kansa ba sai ya kawo wadda ta yage. Takalmina ya sha lungunan cikin gari saboda 'ya'yan mutane. Wasu ma ban san su ba sai ranar kamu. Abbanku yakan ce da ana ba da sarauta a kan shiga sabgar da ba ta mutum ba, da tuni an naɗa ni.

Yayarku kuwa 'yar fari ce, kuma kun san gidan Abbanku. Asalinsu Fulani ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma ya tafi, amma kunya tana nan daram. Ni ma gidan da na fito haka ne. 'Yar fari ba a kama sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita ko da ciki yana ƙuna. Ko a takardar nan ba za ku ga na rubuta sunanta ba, hannuna ba zai yarda ba. Ranar da na yaye ta, Gwaggo, yayar Abbanku wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo da zanin goyo ta ɗauke ta zuwa gidanta a Ƙofar Mazugal. Na raka su bakin zaure ina dariya, na dawo na shige ɗaki na toshe bakina da filo. Tun daga ranar Gwaggo ce uwarta. Ita ta kai ta makaranta, ita ta zauna da ita a asibiti lokacin ƙyanda, ita ta tsaya mata da ta ce sai ta gama karatu ta kama aiki kafin aure. Ku na yanzu kuna ganin irin wannan rashin so ne. Ni dai na san abin da na ji, kuma na san Gwaggo ta riƙe ta fiye da yadda zan iya.

Da yarinyar ta kawo wanda take so aka sa rana, Gwaggo ta koma kamar yarinya. Ta daɗe tana tara kaya a ƙarƙashin gado, tana cika baki a dangi cewa bikin 'yarta sai an daɗe ana labarinsa, kuma ba ta neman taimakon kowa, musamman ni. Dama mu biyu ba a rasa mu da tsokana. Tana ce mini sarkin shisshigi, ina ce mata hukuma. Ana haka, wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki buta, hawan jini ya kayar da ita. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne sosai kafin a tsinci kalma ɗaya. Biki kuwa saura 'yan watanni.

Wata rana dangi sun cika ɗakin ana dubiya, sai wata daga cikin matan, ba zan faɗi sunanta ba don jikokinta abokanku ne, ta buɗe baki a gaban marar lafiya.

"To ai yanzu sai uwarta ta karɓi abarta. Dama aro ne. Ga Kulu nan, biki a wurinta kamar shan ruwa."

Na dubi Gwaggo. Ba ta iya ramawa ba, ita da ba a taɓa gaya mata ta yi shiru ba. Ta juya fuskarta bango da ƙyar, hawaye yana gangarowa ta gefen da ya shanye, ko share shi ba ta iya yi. A wannan zaman kuma aka yanke cewa wuni a gidanmu za a yi, wai kada hayaniya ta dame ta. Kowa ya ce haka ya dace. Ni a nan na ƙudura a raina cewa ko bikin zai rushe, ba za a ce Kulu ta ga Gwaggo ta kwanta ta ƙwace mata 'ya ba. Abbanku ya ce in bar wannan tsohon yayin in shiga kawai, lalura ce. Na ce masa ya tsaya a kan ɗaurin aurensa da goronsa, na mata ba fanninsa ba ne.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Kwanaki suna tafiya, ba a yi wa mai girki magana ba, anko yana hannun tela ba mai bibiya, kafinta ya daina ɗaga waya. Ina ji ina gani, ni da ke gyara na wasu. Barci ya ƙaurace mini. Sai ga yayarku wata yamma ta biyo daga wurin aiki, ta same ni ina tsince shinkafa. Ba ta saba zama kusa da ni ba, ranar ta zauna.

"Umma, tambaya zan yi."

"Ina jin ki."

"Duk 'ya'yan unguwar nan ke kika tsaya musu. Har 'yar mai wanki sai da kika kwana biyu a gidansu. Nawa ne ko sau ɗaya ba ki tambaya ina aka kwana ba?"

Ban ɗago kai ba. Na ce, "Ki je ki tambayi uwarki."

"Uwata tana kwance, Umma."

"Allah ya ba ta lafiya."

Ta miƙe. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce sai da safe. Ina jin ƙarar takalminta har ta fita zaure. Wallahi ranar na tsani bakina. Shinkafar nan da tsakuwarta kuka ci ta, har Sani ya yi ƙorafi na zage shi ba dalili.

Ita kuma jinin Gwaggo ce wajen taurin kai. Tunda ba mai tsaya mata, sai ta nemo hanyarta. Aikinta dama na kwamfuta ne, sai ta saka wata manhaja a wayar Gwaggo, irin wadda kuke kira AI. Ta zuba mata lambobin duk masu aikin biki. Ana yi mata magana da baki, ita kuma ta aika wa kowa saƙo, na rubutu ko na murya, ta karɓo amsa, ta tuna wa wanda ya manta, da safe ta ba da labarin inda kowa ya tsaya. Muryar mace gare ta, Hausarta irin ta masu karanta labarai a rediyo. Nufin yayarku shi ne ita ta riƙe ɓangaren ƙawaye, su mai kwalliya da mai hoto, daga tata wayar, Gwaggo kuma ta ba da umarnin na manya daga kan gado, don ta ji har yanzu ita ce uwar biki. Tunani ne mai kyau. Abin da ba ta lura ba shi ne manhajar ba ta jin maganar Gwaggo.

Ni a lokacin kullum da hantsi nakan hau adaidaita sahu in kai wa Gwaggo koko, bayan yarinyar ta fita aiki, in dawo kafin ta taso. Wannan ba wanda zai yi tsegumi a kai, jinyar yayar miji ce. Ina shiga wata safiya na tarar da Gwaggo ta riƙe waya da hannun hagu tana ta fama, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta yi magana, wayar ta ce ba ta fahimta ba, a sake faɗa. Ta sake, wayar ta sake ba ta haƙuri. Ta uku sai ta yi jifa da ita, ta faɗo a cinyata. Na ɗauka zan mayar mata, ta ture hannuna. Ta nuna ni, ta nuna wayar, ta zare mini ido irin yadda take yi tun ina amarya.

"Yaya, kin san ba zai yiwu ba," na ce.

Ta tattara duk ƙarfinta ta ce, "Ku-lu. Yi."

Na leƙa tsakar gida, mai aikinta tana can bakin rijiya tana wanki. Na sakaya labule. Na kai wayar bakina kamar mai satar nama a tukunya, na ce, "Baiwar Allah, kina ji na?" Ta ce tana ji. Na ce to daga yau duk saƙon da zai fita, da sunan Hajiya Gwaggo zai fita, ita ce uwar amarya, ni baki kawai nake ara mata. Ta ce ta gane. Gwaggo ta yi wani sauti, na juya a tsorace, ashe dariya take yi, ta farko tun faɗuwarta.

'Yar aike muka sa mata suna. Farkon abin da na yi shi ne na sa ta karanto mini saƙonnin da ta riga ta tura, na kama kai. Ba sallama, ba ya gida, ba ya yara, kai tsaye wai ana buƙatar tabbacin ranar kawo kaya. Na ce mata ke a wane gari aka raine ki? A cikin birnin Kano ba a shiga wa mutum haka ko bashi kake binsa. Na zauna na koya mata. Mai alkaki a tambaye ta jikokinta tagwaye. Mai rumfa a ce masa Alhaji ko da bai je ba, yana so. Mai lalle a gaya mata lokaci tun da wuri fiye da na gaskiya. Abin mamaki, sau ɗaya ake gaya mata. Na yi aiki da 'yan aike masu rai iri-iri, ban taɓa samun wadda ba ta tsayawa kallon faɗa a hanya ba sai ita.

Kada kuma ku ɗauka Gwaggo hoto ce a wurin. Cokali ne a hannunta na hagu, tana buga shi a jikin kwano. Bugu ɗaya ta yarda, in ta shiga bugawa ba ƙaƙƙautawa to na yi kuskure. Na ce a yi sinasir, ta kusa fasa kwano, sai da na koma waina da miyar taushe. Na zaɓi kujeru farare, ta ƙi. Mukan yi faɗa sosai, ni da baki ita da cokali, 'yar aike tana jira shiru har mu gama, sannan ta tambaya wanne za ta aika. Yawanci na Gwaggo ake aikawa. Bikinta ne.

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne Malam Sabo tela, na cikin kasuwar Wambai. Na san shi tun yana yaron shago. Hannunsa yana da kyau, alƙawarinsa ne babu. Ni da kaina in na je masa sau biyu sai in ji nauyin komawa na uku, shi kuma da wannan nauyin yake cin mutane. 'Yar aike ba ta san nauyi ba. Kullum da safe za ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta ce Hajiya Gwaggo tana so a turo hoton inda aka tsaya. Ya ce ba wuta, ta yi masa jaje, washegari ta dawo. Ya ce yaronsa ba lafiya, ta yi addu'a, washegari ta dawo. Ba ta fushi balle ya samu abin kamawa. Rannan ya turo murya, muka saurara tare.

"Don girman Allah a gaya wa Hajiya na gama. Na gama wallahi. A turo a ɗauka, kuma a ce wa yarinyar nan ta huta haka."

Gwaggo ta yi dariya har sai da na goge mata baki. Anko ya fito da sauran lokaci, abin da ban taɓa gani ba a tarihin Malam Sabo.

Inda muka ci karo da bango shi ne wurin Hajiya Tabawa mai girki. Tabawa sa'armu ce, ita ta dafa abincin bikin rabin cikin gari, kuma tana ji da kanta. Saƙo ya je mata har da tambayar ciwon gwiwarta, ta yi banza da shi. Aka sake, shiru. Daga baya ta turo amsa a fusace.

"Ni ba na ɗora tukunya da umarnin ƙarfe. Shekara nawa muna tare, a ce yau sai dai a turo mini rediyo? In da mai bikin, ta zo da ƙafarta."

Na ji kamar in yafa mayafi in tafi, na san minti kaɗan zai ishe ni in shawo kanta. Amma in na taka gidan Tabawa a kan bikin nan, kafin la'asar duk gari ya ji. In ban je ba kuma, ba wadda za ta iya ciyar da taron kamar ita. Na rasa abin yi, na zauna ina kallon ƙasa. Sai na ji cokali. Gwaggo tana nuna sif ɗin kayanta. Na ɗauka wani abu take so a ciro, ashe mayafinta take nufi, babban nan mai ruwan toka da take zuwa unguwa da shi. Tun da ta kwanta ba ta taka ko zaure ba, ta hana ma a buɗe taga don kada a gan ta a haka.

Da ni da mai aikinta muka tallafe ta har bakin titi, muka sa ta a adaidaita sahu. Lungun su Tabawa mota ba ta shiga, haka muka bi da ita a hankali tana jan ƙafa, mutane suna matsawa gefe suna yi mata sannu. Tabawa tana tsakar gida tana gyaran kayan miya. Da ta ɗago ta ga wadda ke tsaye, wuƙar ta faɗi daga hannunta. Aka zaunar da Gwaggo. Ni na koma gefe a matsayin 'yar rakiya, na ja bakina na tsuke. Gwaggo ta daɗe tana haɗa kalmomin, ba wanda ya taya ta.

"Na zo," ta ce. "Bikin 'yata."

Tabawa ta durƙusa ta kama hannunta mai lafiyar tana kuka tana neman gafara, ta ce ba ta san jikin ya kai haka ba, ta ce ko aljani za a turo mata da saƙo daga yau za ta amsa. Da za mu tafi ta rako mu, ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Kulu, wa ya gaya wa rediyon nan ina ciwon gwiwa?"

Na ce, "Oho. Ni rakiya na yi."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ba ta ƙara ba. Har yau ban ji maganar a bakin kowa ba, Allah ya saka mata. Daga baya ma ita ta fi kowa hira da 'yar aike, har labarin surukarta take ba ta, mu kuma mu sha da safe.

Ana saura kwana kaɗan wuni, Allah ya yi wa maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma rasuwa, wanda ƙofarsa ke kallon tamu. Kun san lungunmu, tabarma biyu ta cika shi. Masu zaman makoki suka shimfiɗa, kuma ko bayan sadakar uku ba mai hankalin da zai kafa rumfa ya kawo masu kiɗan ƙwarya a ƙofar gidan da ake kuka. Abbanku ya shigo ya ce sai dai a ɗaga. Dangin ango kuwa wasu sun riga sun taso daga nesa. Na yi ta'aziyya, na wuce Mazugal. A da, irin wannan sai in wuni ina zaga gari, in dawo murya ta dushe, kuma duk da haka sai an samu wanda ya kai kaya tsohon wuri. Na gaya wa Gwaggo. Ta buga ƙasan ɗakinta da cokali, ta nuna tsakar gidanta.

"Nan?" na ce.

Bugu ɗaya.

Na ɗauki waya na ce wa 'yar aike wuni ya koma gidan Hajiya Gwaggo a Ƙofar Mazugal, rana ba ta canza ba, a sanar da kowa, a yi wa kowa kwatance, mai rumfa ya zo ya auna wuri yau, Tabawa ta faɗi inda za ta kafa murhu. Na ajiye na shiga ba Gwaggo koko. Kafin kwanon ya ƙare amsoshi sun fara shigowa. 'Yar aike da kanta ta lura cewa motar mai kujeru ba za ta kai ƙofar gidan ba, tunda ya taɓa faɗa mata girmanta, ta tambaya ko a nemi masu kura su jira shi a bakin titi. Ta kuma tuna mana mai kunun aya, wadda ni Kulu na manta da ita sam. Kafin azahar ba wanda bai amsa ba. Na jingina da bango na ji wani sanyi yana sauka a ƙirjina, irin wanda na manta da shi tun ranar da Gwaggo ta faɗi. Allah ya jiƙan Malam Ɗanjuma, ban yi murna da mutuwarsa ba, amma na yi murna da inda bikin ya koma.

Ranar wuni kun gani da idonku. Gwaggo a kan kujera a tsakiyar gidanta, an ɗaura mata ɗankwali ya zauna, kowa ya shigo sai ya fara durƙusa mata. Abinci ya isa har ya yi saura. Matar nan mai maganar aro ta zo tana cewa Hajiya kina kwance kika haɗa wannan, mu da ƙafafunmu ba mu iya ba. Gwaggo ta karɓi yabon ba ko kunya. Ni ina can ɗakin baya cikin tsofaffi da tsohon leshina, inda uwar 'yar fari take zama, ana kawo mini abinci kamar kowa. A nan kuka gan ni, kuma abin da Auta ta riƙe kenan.

Wurin da ya yi mini wuya shi ne da aka kawo ta sallama kafin a kai ta. Ta faɗa jikin Gwaggo suka yi ta kuka. Aka kawo ta gabana ta durƙusa, fuska a rufe. Ana jira in yi nasiha. Abin da ya cika mini baki ya fi a ƙirga, amma na ce ta bi mijinta, ta riƙe sallah, Allah ya ba da zaman lafiya. Ta ɗan jira ko akwai saura. Babu. Aka ɗaga ta aka fita da ita. Na ce a raina shi kenan, biki ya yi kyau, Gwaggo ta fita kunya, ni kuma yarinyar nan za ta rayu tana ganin ban ɗaga mata ko tsinke ba. Na karɓi wannan a matsayin kuɗin abin da na saya, amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan kamar mako guda na kai koko kamar kullum. Mun saba, sai na kunna 'yar aike ko da ba sauran aiki. Ta ce mai rumfa ya kwashe kayansa, Tabawa ta karɓi kulolinta, kowa ya yi godiya. Sannan ta ce akwai saƙo ɗaya daga amarya. Na miƙa wa Gwaggo wayar. 'Yar aike ta ce ba na Hajiya Gwaggo ba ne.

Daga baya na ji yadda aka yi. Yarinyar ta zo rufe manhajar daga tata wayar tunda biki ya wuce, sai abin ya ɗaure mata kai, ta tambaye ta yadda aka yi take gane maganar Gwaggo alhali ita da ta tashi a hannunta da ƙyar take ganewa. Mu kuwa tsofaffin banza mun ce a sa sunan Gwaggo a saƙon masu aiki, ba wadda ta tuna ta ce a ɓoye wa wadda ta saka manhajar. 'Yar aike ba ta san kunya ba. Ta gaya mata ba Gwaggo ke magana ba, wata ce da take zuwa kullum da hantsi, wadda Gwaggo ke kira Kulu.

Na karɓo wayar na kara a kunnena. Ba muryarta ta turo ba, ta san ba zan iya ɗauka ba. Ta ba 'yar aike ne ta faɗa da nata bakin.

"Amarya ta ce a gaya wa wadda take zuwa da hantsi, kaya sun isa lafiya, ba abin da ya ɓace. Ta ce ta sani. Ta ce a yafe mata maganar da ta yi rannan. Ta ce ba sai an amsa ba."

Na kifa kaina a gefen gadon Gwaggo na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba tun ranar yaye. Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, tana dafe da kaina. Da ta ga abin ba zai ƙare ba sai ta ƙwanƙwashe ni a ƙeya, ta tura mini wayar. Na share fuska da bakin mayafi, na gyara murya. Na daɗe ina neman abin da zan ce wanda bakina zai iya ɗauka.

Na ce, "Ki ce mata an ji. Ki tambaye ta ko tana cin abinci."